Allurar da ke Nuna Kore a Sabuwar Waya

Daga: Injiniyan manhaja, Sashen Wayoyin Hannu
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Tabbatar da Inganci
Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Game da: Rashin lambar farawa a manhajar duba silindar oksijin

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi kan manhajar da muka gina wa asibiti, wadda nas-nas za su riƙa duba ragowar oksijin da ita.

1. Allurar da ke kan fuskar manhajar, mai nuna yawan oksijin kamar hannun agogo, wani ɓangaren manhajar da ake kira laburaren motsi ne ke juya ta daga lambar farawa zuwa lambar da silinda ta aiko. Idan babu lambar farawa, laburaren ba ya kuka, ba ya gargaɗi. Sai ya bar allurar inda mai zane ya ajiye ta: a cike, a kan kore.

2. Ba a taɓa kama wannan ba saboda wayoyi uku ne a aljihun teburin gwaji, kuma dukkansu sun daɗe da manhajar, suna riƙe da tsohuwar lamba. Ranar Talata, 6 ga Mayu, na sa ta a sabuwar waya, na haɗa da silindar da na juye da hannuna. Ta nuna a cike. Sau goma sha ɗaya na maimaita.

3. Ranar Juma'a, 9 ga wata, na kai wa shugaban sashenmu gyara na layi huɗu: in babu lamba, allura ta koma toka-toka, a rubuta ba a sani ba. Bai ɗago kai ba. Ya ce motsi ado ne kawai, an riga an rufe karɓar gyara, kuma yaran yanzu daga sun fito jami'a sai su ɗauka su suka ƙirƙiro wutar lantarki. Aka yi dariya. Tun ranar ake kirana Malam Allura. Sunan bai dame ni ba, ranka ya daɗe.

4. Abin da ya dame ni kwalaye ne. Wayoyi sittin na nas-nas suna jere a cikinsu a sito, ko ledarsu ba a ɓare ba. Babu ɗaya da ke da lambar farawa. An kuma sanar da nas-nas cewa daga ranar da aka raba su, za a daina zagayen duba silinda da ido.

Ba zan ɓoye ba, gwaggona tana kwance a ɗakin masu ciwon ƙirji, gado na tara, da roba a hanci. Jiya ta ce ta gaya wa maƙwabtan gadonta ɗanta ne ya haɗa abin.

Don haka ina roƙon ofishinka ya dakatar da rabon, ya sa a gwada a sabuwar waya a gabanka, a kuma ci gaba da zagayen ido. Minti biyar ya isa. Silindar tana ƙarƙashin teburina.

Za a buɗe kwalayen ranar Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe. Duk sittin ɗin kore za su nuna.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka cikin ladabi,
(sa hannu)
Injiniyan manhaja, tebur na kusa da taga