Gidan Sai-Gobe

Litinin, 2 ga Oktoba, 1961

Iskar gabas ta kwanta bayan kwana biyar, na buɗe tagogi duka. Na sauka da kaina na sayo burodi. Matakala sittin da huɗu, ban dafa bango ba ko sau ɗaya, ina da shekara saba'in da shida. A rubuta.

Da hantsi na haye titi zuwa gidan ƙanena Evaristo don in karanta masa, kamar kullum. Idonsa ya kusa tafiya, bakinsa dai yana nan. Maɗaba'a ta aiko cewa za a sake buga littafinsa na jiragen da suka nutse a gaɓar Cádiz, suna son gyare-gyare kafin watan ya ƙare. Ya ce, "Gyaran me? Littafin da Yaya Casilda ta kwafo wa takardu?" Na ji daɗi.

Ana kaɗa ƙararrawar sha biyu ya ciro agogonsa ya ce, "Barka da sabuwar rana." Shekara talatin ke nan da ya ajiye aikin sojan ruwa ya rungumi tsofaffin takardu, har yau ranarsa daga tsakar rana take farawa, irin ta matuƙa jirgi. Na ce masa mutanen kirki da asuba suke fara tasu.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Gahawa, burodi da man zaitun, teku shuɗi har ƙarshen gani. Ban san abin da masu aure suke samu da ya fi wannan ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Wata mata ta zo wajen Evaristo, Milagros Berrocal, mai suyar kifi a bakin kasuwa. Ƙaurin mai ya riga ta shiga ɗaki. Ba ta jira an ba ta kujera ba.

"Kai ne Kyaftin mai littafi? To, ranka ya daɗe, ni ce jikar Sai-Gobe."

Maganar babi na tara ce. A ranar 9 ga Maris, 1794, da ƙarfe uku na yamma, jirgin Santa Eulogia ya daki dutse. Jirgin kakan kakanta, Kyaftin Anselmo Berrocal, yana tsaye inda ake hangen juna. Littafinmu ya ce bai saukar da kwale-kwalen ceto ba sai ƙarfe huɗu na yammacin 10 ga wata. Mutum casa'in suka halaka. Wani malami ya karanta wa ɗalibai wannan babi shekarar da littafin ya fito, daga nan unguwa ta raɗa wa gidansu suna.

"Kifi ya ɗan daɗe a kasko, sai ka ji, 'Milagros, yau za mu ci ko sai gobe?' Ni na saba, fatata ta yi kauri. Amma ubana, wanda a da shi yake ɗaukar mutum-mutumin Uwargida, waliyyiyarmu ta coci, a bikin masunta, ya daina fita har ya mutu."

Ta kawo wasiƙar da Kyaftin Berrocal ya rubuta wa matarsa, inda ya ce ba a yi sa'a guda ba suka shiga ruwa. Evaristo ya ce a hankali, "Baiwar Allah, kowane kyaftin jarumi ne a wasiƙar matarsa." Ya bayyana mata cewa asalin littafin jirgin Berrocal, inda matuƙi ke rubuta abin da ya faru kullum, ya ƙone lokacin yaƙi, kwafina kawai ya rage. Ni kuma na ce ni na kwafa da hannuna, kuma shekara arba'in ina koyarwa ban taɓa kuskuren harafi ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, Malama, Allah ya bar mu da ke. Mu kam kuskure muke ci mu ƙoshi."

Rashin ladabi. Amma ta iya tsayuwa.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Coci. Sabon fada, limamin cocin, yana haɗiye rabin kalmominsa. Bayan an tashi na zauna a bakin ganuwa ina kallon jiragen masunta har rana ta yi zafi.

Talata, 10 ga Oktoba

Ina cikin karatu ƙararrawa ta kaɗa, Evaristo ya ce barkarsa ta kullum. Sai layin da nake kai ya ɓace mini. Ya ce, "Yaya, kin yi barci ne?" Na ce ƙura ce ta shiga idona.

Idan rana daga tsakar rana take farawa...

Laraba, 11 ga Oktoba

Na jawo akwatin mahaifiyarmu, ni kaɗai, ban kira kowa ba. A ƙasansa akwai littafin fensir na shekarar 1923, wanda na fara kwafa a ciki a gidan adana takardu, lokacin Evaristo yana teku, kafin in mayar da shi tawada in aika masa.

Ga abin da matuƙin ya sa a kan shafin: daga tsakar ranar 9 zuwa tsakar ranar 10. Layin farko, ƙarfe huɗu na yamma, an saukar da kwale-kwale uku. Wato yammacin 9. Sa'a guda bayan haɗarin.

Na tuna ranar sarai. Na ga shafi ɗaya da kwanan wata biyu, yamma a sama, safiya a ƙasa, na ce wannan matuƙi ba a koya masa tsari ba. Da na zo sa tawada sai na rubuta 10 kawai, na mayar da safiya sama, yamma ƙasa, yadda nake gyara wa ɗalibaina. Har na yaba wa kaina. Da Evaristo ya ga asalin, da kallo ɗaya ya gane. Bai nemi gani ba, domin ni ce na kwafa.

Kwana guda cur na ƙara wa mutumin, saboda son tsabtar shafi.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Littafin fensir yana kan tebur. Murhu yana kusa. Babu mai rai da ya san da shi.

Litinin, 16 ga Oktoba

Mun karanta babi na bakwai da na takwas. Na ce makogwarona ya gaji, mu bar na tara. Ya ba ni labarin da na ji sau ɗari, na daren da guguwa ta karya masa ƙafa a kan jirgi, yana kwance wata huɗu aka ba shi tsohon littafin wani matuƙi don ya rage zaman kaɗaici, daga nan tarihi ya kama shi. Ya ce, "Matattu ba su da mai kare su sai mu, Yaya." Na ce gahawarsa tana hucewa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na bi ta kasuwa, don hanyar ta fi inuwa. Layi a gaban kaskon Milagros. Wani mai kayan leburan tasha ya ɗaga murya, "Sai-Gobe, a zuba mini na yau!" Kowa ya yi dariya, har da ita. Hannunta dai ya tsaya a kan matsami na ɗan lokaci, na gani.

Ta hango ni. "A'a, Malama marar kuskure! Na nawa za a sa?" Na saya. Kifin ya yi daɗi, dole in faɗi gaskiya.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na gaya wa Evaristo. A tsaye, da littafin a hannu, na karanta kan shafin sau biyu.

Sannan ya ce, "Kin gyara wa teku lissafi." Ya yi dariya har da tari, daga baya na ga hawaye ne. Ya kira sunan Kyaftin Berrocal ya nemi gafararsa, kamar mutumin yana zaune a kujerar baƙi.

Ya ce zai rubuta cewa kuskurensa ne. "A jirgi, kome ya faru, kyaftin ake tambaya. Ni ne ban duba asali ba. Sunanki ma ba ya cikin littafin, ke kika hana."

Gaskiya ne, na hana. Ban so a ce ina raɓe da ɗaukakar ƙanena ba. Na ce masa, "Evaristo, ni na goya ka. Ba ka ɗaukar mini kwandon kasuwa, ba za ka ɗaukar mini wannan ba."

Talata, 24 ga Oktoba

Shafi guda na gyara zuwa ga maɗaba'a, sau biyar ina sakewa. Na cire "bisa rashin sani". Na cire "kamar yadda kowa zai iya yi". Abin da ya rage gajere ne: Kyaftin Anselmo Berrocal ya shiga ruwa cikin sa'a guda, wadda ta ɓata kwanan watan ita ce Casilda Arrieta. Na kai gidan waya da ƙafata.

Karo na farko ke nan da sunana zai fito a littafi.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na je na karanta wa Milagros kwafin a gaban kaskonta, da ƙarfi, irin muryar aji, don layin ya ji. Babu wanda ya yi dariya. Ta goge hannu a zanen gabanta ta karɓi takardar ta gefe, kada mai ya taɓa.

"Ashe ke ma mutum ce, Malama."

Ban gyara mata magana ba. Wannan ma sabon abu ne.

Daga tsakar ranar Alhamis, 2, zuwa tsakar ranar Juma'a, 3 ga Nuwamba

Ƙarfe uku na yamma, ranar tunawa da matattu. Milagros ta hawo har sama da ƙunshin kifi, tana haki tana zagin wanda ya gina gidan. Ta ce za ta maƙabarta ta gaya wa ubanta, kuma ita ba ta iya karatu da daɗi ba, in zo in karanta masa takardar. Mun biya mun ɗauki Evaristo, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki. A gaban kabarin ya ƙame ya sara, irin gaisuwar soja.

A saukowa daga maƙabarta na riƙe hannunta. Matakalar ta jiƙe ne, ba don komai ba.

Safiya. Teku lafiya lau. Ta ce za ta dawo ran Lahadi. Ban ce a'a ba.

Ƙararrawar sha biyu ta same ni a gidan Evaristo. Kafin ya gama laluben agogonsa na riga shi yin barka da sabuwar rana.