Maganar da Ta Raba Mu a Katako

Zuwa ga ƙawata Filomen, wadda aka mayar Dahome,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mushe da yara. Ni ce Hadiza, maƙwabciyarki a gidan haya na Yamai. Ban san garin da kuka sauka ba, shi ya sa na ba da wannan wasiƙa a buga a jarida, ko wani zai karanta miki.

Kin tuna zuwana daga Dogon Dutsi, ko gaisuwa ban iya da Zabarmanci ba? Ke kika ja hannuna zuwa kasuwar Katako, kina ce mini da Hausarki ta kasuwa, "Baƙo da baƙo, uwa ɗaya."

A can muka fara jin mai itacen nan da ke hawa kan kayansa yana kiran mutanenku fara, wai kun sauko kun cinye gonar 'yan ƙasa. Kika gyara ɗaurin zanenki, kika ci gaba da zaɓen tumatir.

Maza suka yi ta gardama a kan mai itacen a ƙofar gida. Maigidana ya ce Nasara ya daɗe yana ɗaure mana baki, yanzu da muka sami 'yancin kai, wanda ya hana wannan mutum magana, gobe mu zai hana. Malam Garba tela ya ce mai kiran mutum fara, wuta yake nema masa. Mushe na zaune tsakaninsu, ba wanda ya tambaye shi.

Ba a jima ba yara suka mai da kalmar waƙa. Aka jefi ɗanki Pol a hanyar lakwal, wato makarantar boko, ni na riƙe kansa kina wanke jinin. Daga nan sai manyan motocin gwamnati suka zo kwasar ku.

Mai itacen yana nan yana cinikinsa. Cewa yake shi magana kawai ya yi, bai taɓa kowa ba. Maigidana ya bar gardamar, amma bai ce ya sake ra'ayi ba.

Wasu sun kama ɗakinki. Mutanen kirki ne, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Har yanzu in na tuƙa tuwo sai ya yi saura, don hannuna ya saba da rabonki. Cikin da kika bar ni da shi, mace na haifa. Tana tafiya yanzu, ba ki gan ta ba.

Allah Ya tsare ku, Ya shafe tabon Pol, Ya zaunar da ku inda za a kira ku da sunanku.

Taki har kullum,
Hadiza