Ciwon Kifayen Malam

Tambuwal, farkon damina, 1961

Zuwa ga maigidana Malam Ladan, ɗakin shan magani na Kebbe.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da begen ganinka. Ina fata kana lafiya, da aiki da baƙunta. Mu nan lafiya lau, mahaifiyarka Inna ma lafiya, sai ƙafar nan tata da ka sani.

Bayan haka, Maccido mai jakai ya kawo saƙonka ranar kasuwa, kuma a gaban mutane ya sauke shi, wai in kifayenka sunka mutu sakacina ne. Malam, maganar nan ta ci mini rai. Tun da hukumar En'e ta ɗauke ka zuwa Kebbe ka bar mini akwatin gilashin ga da 'yan kifayen adonka da ake kira gufi a ciki, wace rana na yi sakaci? Kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ba a ci, ba a kai shi kasuwa, amma ni nika jawo masu ruwan rijiya, in bar shi ya kwana yadda ka koya mini. Ko akuyar gidan ga ba ta samu wannan gata ba.

Ga abin da na gani, tunda kai ne malamin asibiti. Wutsiyar mazan, masu ja da shuɗin nan, ta soma zarewa kamar bakin tsohon zane. Wasu sun fito da farin ɗigo-ɗigo suna goga jiki ga dutse. Macen nan tasu, uwa mai ciki, ta tsuke fukafukanta, ta tsaya saman ruwa tana haki. Biyu sun riga sun mutu. Ruwan kuwa in na sauya shi da safe, kafin la'asar ya gurɓace.

Ban zauna ba. Marasa lafiyar na ware su cikin babbar kwalbar alewa, na sa masu ɗan gishiri. Kullum ina kwashe sulusin ruwan akwati in zuba sabo, abinci kuma na rage. Ummu maƙwabciyarmu ta ce in jefa kanwa, wasu sun ce bakin masu zuwa kallo ne ya kama su, a yi hayaƙi. Duk na ƙi, har Ummu ta daina gaishe ni. Sakacin ke nan da aka kai maka labari.

Ka rubuto abin da zan ƙara, amma don Allah kada ka sake aiko mini faɗa a bakin mai jakai.

Taka har kullum,
Zahara'u

Tambuwal, bayan sallar layya

Zuwa ga maigidana Malam Ladan.

Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka barka da salla. Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, ya maimaita mana.

Takardarka ta iso. Ka tambaya ko da sabulu nika wanke akwatin, ko kuwa cika masu ciki nika yi. Ashe har yanzu ni ce dai. To, na gano ciwon, kuma da ka san shi da ba ka yi mini wannan tambaya ba.

Na kwalba sun warke sarai, na akwati kuwa sai ƙaruwa ciwon ke yi, alhali ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya. Na sunsuna ruwan na ji tsami. Na tona yashin ƙasa da cokali, sai ga dawo ya kwanta yana ruɓewa. Rannan da hantsi na fita daka, na dawo ɗaukar faifai, na tarar da Inna durƙushe gaban gilashin da wannan ƙafa tata. Curin dawon da ta saba ajiye maka kullum, shi ne a hannunta, tana marmasa masu, tana yi masu magana ƙasa-ƙasa. Na ja da baya ba ta gan ni ba.

Malam, kai ɗan farinta ne. Tun da na shigo gidan ga ban taɓa jin ta kama sunanka ba. Ba ta tambaye ni ko kana lafiya ba, ko sau ɗaya. In takardarka ta zo tashi take ta bar wurin, amma ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin zana har in gama karantawa. Kuma mi take ji? Yaya uwar mai ciki, yaya mai jan wutsiya, a ƙara gishiri, a rage gishiri. Ita kuwa sai can ƙarshe, a gaida Inna. Wallahi wannan ya fi zargin da ka yi mini ɓata mini rai. Kunya ta hana ta tambayar ɗanta, kai mi ya hana ka tambayar uwarka?

Na san maganin, ba sai ka rubuto ba: a ɗauke akwatin a kai ɗakina a ja ƙofa. Ba zan yi ba. Ba kuma ni ce zan dubi surukata in ce mata abincin ɗanta guba ne ba. Ina bin bayanta ina kwashe abin da na iya, ina sauya ruwa, amma ba na cim masa. Jiya uwar mai cikin ta mutu. Ka ce sakacina ne in ka so, wannan karon da sanina.

Hanyar Kebbe ta ɓaci da ruwa, na ji, amma jakan Maccido suna wucewa. Muddin ba ka nan, curin nan cikin gilashi zai ƙare. In kana son sauran kifayenka, ka zo ka sha furarka da kanka.

Allah ya kawo ka lafiya. Ni ce matarka, mai fushi da kai, mai jiranka,
Zahara'u