Ka Karanta a Taron Babban Alƙali

Angona marowaci,

Cinki wannan: wane ne ya shekara talatin bai taɓa ɗaure ɓarawo ba sai ya ji ta bakinsa, amma ya kulle tsohuwa bai tambaye ta ba?

Ina gaisuwa. Ya mamarka da ƙannenka? Ni lafiya lau a gidan tsofaffin nan na ƙasar mutane. Gado da laushi, taga ce dai ba ta buɗuwa. Ba mai jin yarena, bango nake yi wa tatsuniya.

Na ji za a karrama Babban Alƙali ranar ritayarsa. In an gama yabon adalcinsa, ka miƙe ka karanta wannan, ko kunya ta sa a dawo da ni gida. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka.

Amsar: ubanka ne, ni na haife shi.