Hoton da Na Yaɗa Ba na Ɓarawon Ba Ne

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Na san wasu za su zage ni, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni manomi ne a wajen Ƙaura Namoda, ina noman albasa da rani a 'yar fadamata. Tsadar fetur ce ta sa na fara neman injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Sai na ga talla a wani zauren saye da sayarwa na Facebook, inji sabo, farashi da sauƙi, mai shi ya ce yana Shinkafi. Hotonsa na kan shafinsa, dattijo mai 'yar furfura a gemu, yana murmushi, irin fuskar da za ka ba ajiya ka yi barci. Duk maganarmu a rubuce muka yi, bai taɓa ɗaukar kira ba, wai ba sabis. Na ce zan zo in gani da idona, ya ce, "Haba Malam, da halin da hanya take ciki? Turo kuɗin in sa maka a mota." Na sayar da tumakin matata na tura. Daga nan ya toshe ni.

Matata ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mutumin da ko muryatai ba ka sani ba, shi ka ba dabbobina?" Gara a ce marina ta yi.

Wana, malamin firamare ne, ya ce in je banki da shaidar turawa, in kai ƙara wurin 'yan sanda, in kai rahoton shafin. Har ya nuna mini cewa sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗin daban yake da na shafin. Na saurare shi? Ina! Kunyar in tsaya gaban mutane in ce an yi mini wayo ta hana ni. Maimakon haka sai na buɗe sabon shafi da sunan ƙarya, na ɗauko hoton nan na rubuta a kai: WANNAN ƁARAWO NE, DUK WANDA YA GAN SHI YA KAMA SHI. Na zuba a zaurukan Ƙaura, na Shinkafi, na Zurmi. Ina kallo ana ta turawa gaba, ana Allah ya tona asirinsa, ni kuwa har sanyi nake ji a raina.

Ranar kasuwar Shinkafi wasu matasa suka gane fuskar. Tela ne, zan kira shi Malam Isa, amma ba sunansa ba ne. Suka jawo shi daga kan keken ɗinki, suka nuna masa waya, kafin ya buɗe baki sun rufe shi da duka. Da ƙyar dattawa suka ƙwace shi, hannunsa na dama a karye.

Da labarin ya iso mini, wallahi hamdala na yi. Sai da na leƙa shafin mai tallar ta sabon shafina, na ga a ranar ma ya saka wata talla, ta babur, kuma ya canza hoto zuwa wata fuskar daban. Mutumin da ke kwance wurin mai ɗori, yaushe ya samu hannun saka talla? Da na bincika, ashe Malam Isa ƙaramar waya gare shi, bai ma san yadda ake shiga Facebook ba. Hoton a wurin wani ɗaurin aure aka ɗauka, wani ya saka, ɓarawon ya kwafe.

Abinci ya daina shiga. Na hau mota har Shinkafi, na shiga cikin masu dubiya kamar wanda ya taɓa kai masa ɗinki. Na same shi a zaure, hannu a ɗaure da karare, ido ɗaya a kumbure. Ya ce, "Malam, ni har yanzu ban san mi na yi ba. Kowa na zuwa yana amshe yadinai ba a ɗinka ba. Ɗiyata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana ce mata ɗiyar ɓarawo. Hannun ga ko ya warke, wa za ya sake ba ni aiki? Da wanda ya sa hoton za ya hito ya ce kuskure ya yi, da ya wanke ni."

Bakina ya buɗe, na rantse na so in faɗa. Sai ƙanensa ya ce, "Ya hito mu gani! In munka gane shi, abin da anka yi ma yaya shi za mu yi mai." Na haɗiye maganata. Na ajiye 'yan lemun da na kawo, Malam Isa ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ka taho daga nesa don ni." Ni ya sa wa albarka. Ni!

Na goge rubutun, na sake rubuta cewa kuskure ne, mutumin nan ba shi da laifi. Ba wanda ya tura gaba. Wasu ma cewa suka yi ɓarawon ne ya biya a wanke shi. Tsohon hoton kuwa har yau yana yawo a wayoyin mutane, ba ni da ikon kamo shi. Na je bankin daga baya, suka ce na makara amma za su duba. Mai tallar yana nan yana tallarsa.

Matata ba ta san ni na yaɗa hoton ba. Wana ya tambaye ni, "Ba kai ne ba dai ko?" Na ce a'a, ya dube ni ya kau da kai. In na fito na faɗa, ina tsoron abin da za a yi mini, ga yara ƙanana. In na yi shiru, bawan Allah zai ci gaba da amsa sunan ɓarawo a garinsu. Ko taimaka masa a ɓoye ba ni da halin yi, albasar ma ta ƙone. In na ɗaga hannu zan roƙi gafara, nasa hannun nake gani.

Ku da ba ku san ni ba, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Me zan yi?