Tsamiyar da Ke Tsakiyar Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Muna lafiya, alhamdu lillahi.

Na yi wauta. Ranar Juma'a na ɗauki Inna a mota, wai ta sha iska. Muka bi hanyar duwatsun Maradun, birai na tsallake titi, har tana dariya. Da muka hango dam, sai na nuna mata balbelu a kan wata busasshiyar bishiya a tsakiyar ruwa, ina ta yaba kyansu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tsamiyar gidanmu ce. A gindinta na binne cibiyarku."

Wallahi ban gane ta ba, Yaya; ka san ina ƙarami ruwan dam ya cinye garinmu. Sai na juya mota muka dawo Mafara.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara.

Ƙaninka,
Bello