Ƙwallo na Arba'in da Biyu

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma da sauƙi. Mutanen ɗakin bincike duk suna gaishe ki.

Ranki ya daɗe, na jima ina juya maganar nan kafin in rubuta. Sashen furotin ɗin nan da kika fitar da siffarsa shekara talatin da suka wuce, mun sake ɗaukar hotonsa da sabuwar na'ura, sai namu bai hau kan naki ba. Inda kika ce ƙwallo na arba'in da biyu a jerin ƙwallayen sashen ne ke riƙe sinadarin tutiya, mu na arba'in da ɗaya muka gani. Muna so mu aika wa mujalla gyara, amma ba zan yi ba sai da sa hannunki.

Ɗalibinki,
Gaggawa, kamar yadda kika raɗa mini

*

Zuwa ga shugaban ɗakin bincike,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode da gaisuwa. Ƙafata tana nan yadda take, kuma ba ta bukatar ambato a takardar aiki.

Tun da alama ka manta, bari in tuna maka. Aikin wannan furotin shi ne ya gane ɗan'uwansa da ya tsufa ko ya lalace a cikin ƙwayar halitta, ya sa a liƙa masa yubikwitin, alamar da ke cewa a kai shi a niƙe. Sashen da na ba shekara bakwai na rayuwata shi ne hannun da ke riƙe mai ɗauke da alamar har a liƙa ta: zare guda mai ƙwallo sittin da takwas, naɗe a kan tutiya biyu. Ba na'ura ce ta zana mini shi ba. Da waya da ƙwallayen katako na gina shi, kana tsaye kana riƙe mini filaya, kana tambayar yaushe za a tashi cin abinci.

Samfurin yana bisa kabad ɗina. 'Yata ta so ta kwashe mu, ni da shi, zuwa gidanta; na ce mata babu wanda ya shirya tashi a cikinmu.

Ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba, ƙananan rubutu kuwa sun fi ƙarfin idona yanzu. Aiko mini jerinku duka da manyan baƙaƙe.

Ka huta lafiya.
Malamarka

*

Malama,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ga jerin nan, lamba da wurin zaman kowane ƙwallo, baƙaƙen kamar na allon talla.

Wallahi ba don in ƙure ki ba ne. Akwai mata biyu a nan, shekara biyu ke nan suna haɗa maganin da zai zauna a kwarmin sashen, bisa taswirarki. Duk wanda suka haɗa sai ya ƙi zama. An ba su zuwa ƙarshen shekara, in babu sakamako a rufe aikin. Babbar cikinsu ta daina ma fitowa shan shayi.

Filayar nan kuwa tana aljihun teburina har yau.

Naki,
Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa,

Bayan sallama da gaisuwa. Na ga jerin, kuma na tabbatar sunan da na ba ka bai tsufa ba.

Na hau kujera na sauko da samfurin da kaina. Kada 'yata ta ji. Na goge ƙurarsa, na ɗora shi a teburin cin abinci, na bi zaren da yatsa, ƙwallo bayan ƙwallo, tun da abin da ido ya kasa hannu bai manta ba. Kwana uku na yi, domin ba na iya zama fiye da sa'a guda.

Ƙwallon farko na wannan zare, ƙwayar halitta tana gutsure shi bayan ta gama saƙa. Ni na ƙidaya da shi, na'urarku ta fara daga na bayansa. Saboda haka arba'in da biyu nawa shi ne arba'in da ɗaya naku, ƙwallo ɗaya ne mai suna biyu. Wannan a makonka na farko na koya maka, ka ce ka gane.

Na zaci zan ji daɗin rubuta maka haka fiye da yadda na ji. Samfurin yana kan teburin, a gefensa nake cin abinci. Ban sami ƙarfin mayar da shi ba.

Wassalam.
Malamarka

*

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa, kaina a sunkuye. Na sake ƙidayawa, gaskiyarki ce. Na yaga takardar gyaran. Sun yi mini dariya a nan, har an rubuta arba'in da ɗaya an manna a ƙofar ofishina. Gobe zan shaida wa matan nan cewa taswira lafiya take, su nemi laifin a wurin maganinsu.

Ki yafe mini.
Gaggawa

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Kada ka gaya musu haka.

A lanƙwasa ta uku, kusa da kwarmin da maganinsu ke ƙin zama, wayar samfurina ta karkata hagu. Jerinka ya nuna dama, amma lamba ta ɗauke maka hankali ba ka lura ba. Na sa maƙwabciyata ta karanta mini tsohon littafin aikina. A wurin na rubuta da hannuna: "Hoto ya dushe a nan. Na zaɓi hagu." Ban faɗi haka a mujalla ba. Na san wannan tun kafin in rufe wasiƙata ta baya, na kuma rufe ta.

Rubuta gyaran, sunana kaɗai za ka sa a kan kuskuren. Ka ba matan nan haƙuri, ko kuma ka kawo su in ba su da bakina.

Ina gida kullum da hantsi. Ka zo da filayar.

Malamarka